Shekarun Farko na Kamfani: Abin da Ke Raya Sabuwar Sana'a da Abin da Ke Kashe Ta



 

Maudu'in wannan lacca shi ne yadda mai sabon kamfani zai raya shi a shekarunsa na farko. Kamfanin da ake nufi shi ne wanda yake yin wani abu da kansa ya sayar: yaji a gwangwani, garin kunu, sabulu, man shafawa, takalmin fata, ko manhajar waya. Matsayinsa ya bambanta da na mai saye da sayarwa. Ɗan sari idan kaya ya ƙi tafiya, sai ya karya farashi ya rabu da shi, ya saro wani. Mai sarrafawa kuwa ya riga ya zuba kuɗinsa a inji, da leda mai ɗauke da sunansa, da haya, da albashi, saboda haka kuskurensa ya fi tsada. Aikinsa a shekarun farko guda biyu ne: ya gano wanda zai sayi kayansa ya kuma dawo ya sake saya, sannan ya kare kuɗin hannunsa kada su ƙare kafin ya gano wannan mutum. Za a bi batun a matakai bakwai.

Na ɗaya: mai saye kafin inji

Yawancin masu farawa da inji suke fara mafarki. A sayar da fili, a yo odar na'ura, a kama haya a yankin masana'antu na Sharaɗa ko Bompai, sai bayan an gama a fara tambayar wa zai saya. Tsarin da ya fi aminci shi ne a juya wannan jeri. A fara da ɗan kaɗan, da hannu ko da injin haya, a kai wa mutanen da ba su san mai kayan ba, a ga ko za su ciro kuɗi daga aljihu.

A shekarar 1999 wani Ba'amurke mai suna Nick Swinmurn ya so ya gane ko mutane za su yarda su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada ba. Bai gina sito ba, bai saro takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Shagunan takalmi ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a shafinsa, idan wani ya yi oda sai ya koma shagon ya saya ya aika masa. Riba ba ta cikin lissafinsa a lokacin, amsar tambaya yake nema, kuma ya same ta da kuɗi kaɗan. Kamfanin nan, Zappos, shi ne Amazon ya saya a 2009 a kan kimanin dala biliyan 1.2.

Ba sai an je Amurka ba. An fara shigo da taliyar Indomie Najeriya tun ƙarshen shekarun 1980, amma ba a gina masana'antarta ta Ota a jihar Ogun ba sai tsakiyar shekarun 1990, bayan an tabbatar bakin mutane ya saba da ita. Alhaji Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977, ya shafe kusan shekara ashirin yana saye da sayar da sukari, shinkafa da siminti kafin ya koma kafa masana'antu. Lokacin da ya gina su, ya riga ya san 'yan sarinsa, ya san yawan abin da kasuwa take ɗauka. In masu wannan ƙarfi sun jira kasuwa ta yi magana, me zai sa mai jarin naira miliyan biyu ya riga ta?

Na biyu: yabo daban, ciniki daban

Duk wanda ya fito da sabon kaya zai sha yabo. Mahaifiya za ta sa albarka, abokai za su ce ba su taɓa ɗanɗana irinsa ba, a WhatsApp kuma a yi ta turo alamar jinjina. Wannan ƙauna ce, a gode mata, amma kada a gina lissafi a kanta. Kunya da kara suna hana mutanenmu faɗa wa mutum aibin kayansa a gaban idonsa. Wanda bai ji daɗin kaya ba ba zai yi gardama ba, zai yi murmushi ya tafi, ba kuma zai dawo ba.

Saboda haka ma'auni mafi gaskiya shi ne dawowar mai saye. Cikin mutum ashirin da suka saya a watan jiya, nawa ne suka sake saya a wannan wata ba tare da an roƙe su ba? Cikin shaguna goma da aka ajiye wa kaya, nawa ne suka kira da kansu suka ce ya ƙare? Littafi ɗaya da biro sun isa a riƙe wannan lissafi. Idan masu dawowa suna ƙaruwa, kamfani yana da rai ko da cinikinsa kaɗan ne. Idan kullum sababbin fuskoki ne, to talla ce take aiki, kayan bai kama ba tukuna, kuma ranar da kuɗin talla suka ƙare ciniki zai tsaya.

Hanyar gano dalili ita ce mai kamfani ya je da ƙafarsa. A 2009, lokacin da kamfanin Airbnb yake fama da ƙarancin ciniki, biyu daga cikin waɗanda suka kafa shi, Brian Chesky da Joe Gebbia, sun tafi New York suna bi gida gida wurin masu ba da hayar ɗakuna, suna ɗaukar musu hotuna masu kyau da kansu, suna sauraren kokensu. Mai sabulu ma haka ya kamata ya yi: ya zauna a shagon da ke sayar da kayansa, ya ga yadda mai saye yake ɗauka ya juya ya ajiye, ya tambayi mai shago me ake cewa bayan an tafi. Wanda ya daina saye ya fi kowa amfani a nan, domin a bakinsa ake jin cewa murfin yana zuba, ko ƙamshin ya yi yawa, ko kuɗin sun fi ƙarfinsa. Wannan aiki ba na yaron shago ba ne. Na maigida ne, kuma a shekarar farko babu aikin da ya fi shi.

A nan akwai wata 'yar magana ta gefe. Wani lokaci abin da kasuwa take so yana gefen abin da aka fito da shi. Manhajar Slack ta samo asali ne daga kamfanin da ya yi wani wasan intanet mai suna Glitch, wanda aka rufe a 2012. Abin da ma'aikatan suka ƙera don tattaunawa a tsakaninsu shi ne ya zama hajar. Mai kunun gyaɗa da ya lura cewa gyaɗar da yake soyawa ta fi kunun tafiya, bai kamata ya yi jayayya da kasuwa ba.

Na uku: lissafin kowane ƙunshi

Kamfanoni da yawa suna sayarwa a kan faɗuwa ba su sani ba, saboda mai su ya lissafa kuɗin kayan haɗi kawai ya ɗora riba. Ga misali na ƙiyasi. A ɗauka ana ba ɗan sari gwangwanin yaji a kan naira 1,000. Kayan haɗi sun ci 450, gwangwani da takardar suna 200, niƙa da wuta 60, kuɗin mota 50, abin da ya zube ko aka dawo da shi 40. An kashe 800, saura 200. Wannan 200 ba riba ba ce tukuna, domin a cikinta za a biya haya, albashi da gyaran inji. Idan waɗannan suna cin naira 300,000 a wata, sai an sayar da gwangwani 1,500 kafin a fita daga faɗuwa. Yanzu a ce barkono da citta sun tashi, kayan haɗi sun ƙaru da naira 100 kacal. Abin da ke saura ya koma 100, adadin da ake buƙata ya koma 3,000. Ƙarin naira ɗari ya ninka aikin wata. Mutum nawa ne a wannan zaure suka san nasu adadin?

Wannan lissafi ba a yin sa sau ɗaya a ajiye. Wanda ya sa farashi a farkon 2023 ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar: kuɗin mota, leda, da duk abin da ake shigowa da shi suka tashi. Ga kuma bambancin farashin amfanin gona tsakanin kaka da tsakiyar damina. Duk lokacin da aka sayo sabon kayan haɗi, a sake zama da alƙalami. Kuma mai kamfani ya sa wa kansa albashi a cikin lissafin, ko da bai ɗauka ba, domin sana'ar da ba ta iya biyan mai ita ba za ta iya biyan wanda zai maye gurbinsa ba.

Idan farashi ya fi ƙarfin mai saye, rage inganci shi ne mafi munin mafita. Akwai wata hanya, wato rage girman ƙunshi. A shekarun 1990 madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawan Najeriya ta hanyar ƙananan ledoji, a lokacin da madarar gari ta fi yawa a manyan gwangwanaye. Mai samun kuɗin yini da yini ba ya iya sayen na wata guda, amma yana iya sayen na shayin safe. Mai sabon kaya ya tambayi kansa: nawa ne a hannun mai sayena a lokacin da ya tsaya gaban shago?

Na huɗu: riba a takarda, kuɗi a hannu

Kamfani yana iya cin riba a littafi ya mutu a fili. Babban kanti zai karɓi kaya ya ce a dawo bayan wata ɗaya ko biyu, alhali mai barkono a kasuwar Dawanau da mai leda kuɗi hannu suke so, ma'aikata kuma ƙarshen wata suke jira. Tsakanin ranar da kuɗi suka fita da ranar da suka dawo akwai rami, kuma gwargwadon yadda oda take ƙaruwa, gwargwadon yadda ramin yake zurfi. Shi ya sa babbar oda takan karya ƙaramin kamfani. Kafin a yi murna da ita a tambaya: yaushe za a biya, kuma da me za a rayu kafin ranar?

Matakan kariya sanannu ne. A nemi kafin alƙalami a kan duk babbar oda. A sa wa kowane ɗan sari iyakar bashin da ba zai wuce ba, kuma ba a ƙara masa kaya sai ya biya na baya. A rubuta kowane bashi da ranar biyansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka babu wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. A buɗe wa kamfani asusun banki nasa, na'urar POS da taransifa su riƙa zuba a can. Cefanen gida, gudummawar biki da kuɗin makaranta su fito daga albashin maigida. Ɗan'uwa da ya ɗauki kwali ɗaya, a rubuta shi ko dai a bashi ko a kyautar da maigida zai biya daga aljihunsa. Hakkin zumunci yana nan, amma daga riba ake sauke shi, uwar kuɗi amana ce.

Kowane ƙarshen mako mai kamfani ya san amsar tambaya ɗaya: in ciniki ya tsaya yau, wata nawa kuɗin da ke hannu za su riƙe mu? Waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun san cewa ciniki yana iya tsayawa ba tare da laifin kowa a kamfani ba.

Na biyar: inganci iri ɗaya, da bin doka

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Abin da ke riƙe mai saye shi ne ya sami na yau daidai da na jiya. Wannan ba ya samuwa da ƙiyasin ido da awon hannu. A rubuta yadda ake haɗa kaya da awon sikeli, a rubuta tsawon lokacin suya ko dahuwa, a sa wa kowane zubi lamba da kwanan wata, domin in an kawo ƙorafi a san wane zubi ne. Ranar da maigida ya kwanta rashin lafiya, takardar nan ce za ta tsaya a madadinsa.

Sakaci da inganci yana iya rufe kasuwa gaba ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, hukuncin da ya shafi mai laifi da marar laifi. Mai sarrafa gyaɗa ko masara kuma ya kula da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke fitowa daga rumar da ke kama amfanin da bai bushe sosai ba. Inganci daga wurin sayen kayan haɗi yake farawa.

Ta fuskar doka, rajista da Hukumar CAC ita ce matakin farko, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Abinci da abin sha na ƙunshi, magani da kayan kwalliya suna buƙatar lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Sauran kayan masana'antu suna ƙarƙashin ma'aunin Hukumar SON. Sunan kaya da tambarinsa kuma rajistarsu daban take, a ofishin rajistar tambura na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Wanda ya yi shekara uku yana gina suna, sannan ya tarar wani ya riga shi yi masa rajista, wa zai kai wa kuka? Waɗannan takardu su ne ke buɗe ƙofar manyan kantuna, bankuna da kasuwannin waje.

Na shida: a cika unguwa ɗaya kafin a nufi gari na biyu

Kaya mai kyau da ba ya kusa da mai saye, kamar babu shi ne. Amma isar da kaya yana cin kuɗi, kuma warwatsa shi ya fi ci. Shaguna hamsin a unguwanni biyu da ke maƙwabtaka, mai Keke Napep ɗaya zai zaga su a yini, maigida kuma zai iya bin bashinsa da ƙafa. Shaguna hamsin a jihohi biyar kuwa sai kuɗin mota ya cinye ribar, kaya ya lalace a hanya, bashi ya gagara karɓowa.

Kamfanin Webvan na Amurka, mai kai kayan cefane gida ta intanet, darasi ne a nan. A 1999 ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel don gina manyan sito-sito a birane har 26, tun bai tabbatar da riba a birnin farko ba. A watan Yulin 2001 ya durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa aiki. Kuɗi bai yi masa ƙaranci ba. Ya faɗaɗa abin da bai riga ya tabbata ba, sai faɗuwarsa ta faɗaɗa tare da shi.

Alamar lokacin faɗaɗawa a bayyane take: oda ta fi ƙarfin abin da ake iya sarrafawa wata bayan wata, ana biya a kan lokaci, kuma kowane ƙunshi yana barin riba. Cinikin azumi da na sallah kaɗai ba hujja ba ne, sai an ga yadda watannin da ke bayansu suka kasance. Idan lokacin ya yi, 'yan sarin kasuwar Singa da makamantansu suna iya kai kaya Katsina, Maraɗi da Damagaram fiye da yadda kamfani zai kai da kansa, muddin an bar musu ribar da za ta sa su tura shi. Wannan ribar tasu ma tun farko ake sa ta a lissafi.

Na bakwai: jari, abokan tarayya da ma'aikata

Jari mafi sauƙi shi ne kuɗin mai saye, sai ajiyar kai da adashe, sai na dangi. Bayan su akwai Bankin Masana'antu, da Hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha banki yana sayen inji ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, a biya sannu a hankali. A mudaraba ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince, asarar kuɗi kuma ta hau kan mai jari matuƙar babu sakaci. A musharaka kowa ya zuba, asara ta bi gwargwadon jarin kowa. Ko wanne aka zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce: ana karɓar kuɗin wani ne don a ƙara abin da ya riga ya tabbata yana tafiya.

Matasa masu manhaja sukan ambaci Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ma ta zo don ƙarfafa irinsu. Amma masu zuba jari a irin waɗannan kamfanoni hannun jari suke karɓa, kuma suna neman kamfani ya ninka kansa sau da yawa cikin 'yan shekaru. Bashi ana biyansa a rabu, kason da aka sayar kuwa ya tafi ke nan. Mai sayarwa ya san me yake bayarwa.

Abokan tarayya, ko da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, su rubuta yarjejeniya tun ana dariya: kason kowa, aikin kowa, wa ke sa hannu a banki, yadda wanda ya so fita zai fita, da abin da magada za su samu in rai ya yi halinsa. Ma'aikaci kuma ana ɗaukarsa ne idan aiki ya fi ƙarfin waɗanda ke nan, a faɗa masa aikinsa a fili, a biya shi a kan lokaci. Ɗan'uwan da ba za a iya yi wa faɗa ba in ya yi kuskure, gara a taimake shi ta wata hanya.

Kammalawa

Matakan nan bakwai a jere suke, kuma jerin yana da muhimmanci. A tabbatar da mai saye, a ga ya dawo, a san ribar kowane ƙunshi, a tsare kuɗin hannu, a daidaita inganci, sannan a faɗaɗa, sannan a nemi kuɗin wani. Kamfanin da ya tsallake na farko ya faɗa na ƙarshe, bashi zai tara. Babu ɗaya daga cikin matakan da ke buƙatar digiri ko babban jari; littafi, sikeli, gaskiya a awo da haƙurin zama da masu saye su ne kayan aikin. Kira ga duk mai sana'a a wannan zaure shi ne kafin mako ya zagayo ya zauna ya fitar da lissafin ƙunshinsa ɗaya, ya kuma nemi mutum biyar da suka daina sayen kayansa ya ji dalili.

 Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu halal mai yalwa. Yanzu fili a buɗe yake ga mai tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, musamman daga iyayenmu da suka riga mu sanin kasuwa.